Ƙwaryar Hinda a Bayan Zana

Magariya, 3 ga Nuwamba, 1974

Zuwa ga Yayata Saratu, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Tsoho da yara gaba ɗaya. Allah ya karɓi azuminmu, ya sa kun yi Salla cikin kwanciyar rai, ya maimaita mana. Wasiƙarki ta iso ta hannun Malam Rabe mai goro tun tsakiyar azumi, tare da atamfar da kika aiko, na gode, Allah ya bar zumunci. Kada ki ga na daɗe ban amsa ba ki ɗauka raini ne. Sau uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don abin da zan faɗa miki ba shi kike jira ba, kuma kwanakin nan in na samu na zauna, barci ne ke riga ni.

Mutanen Yekuwa suna nan lafiya, na leƙa su da Salla na kwana ɗaya. Bana Allah ya dube mu, ruwa ya sauka, gero ya yi, wake ma ba laifi. Baba ya ce in gaya miki rumbu ɗaya ya cika, rabonsa da ganin haka shekara biyar ke nan. Idonsa na hagu ya ƙara rufewa, amma bakinsa na nan yadda kika san shi, har yanzu shi ya fi kowa sanin ranar da za a yi ruwa bayan an riga an yi. Kawu Musa ne abin tausayi. Cikin shanunsa goma sha ɗaya saniya guda ta rage, ita ma tafiya take kamar tana neman gafara. Gyaɗa kuwa kada ki tambaya, ba wanda ya samu irin shukawa.

To Yaya, ga maganar. A takardar da na rubuta miki da bazara na ce in damina ta wuce zan ajiye aikin nan in taho wurinki, in taya ki sayar da abinci, in huta da kukan yaran da ba ni na haifa ba. Wallahi da na rubuta haka da zuciya ɗaya na rubuta. Tun rasuwar maigidana ba abin da ya riƙe ni a garin nan sai aikin, aikin kuma ya cinye ni. Zanen da nake ɗaurawa sau ɗaya da rabi yanzu sau biyu yake zagaye ni. Amma ba zan zo bana ba. Na san kin gyara ɗaki, na san kin gaya wa mutane, shi ya sa ba zan ce miki uzuri ne kawai ya taso ba. Zan ba ki labarin wata yarinya da muka kusa kashewa da hannunmu, mu da aka ɗauka don mu raya ta.

Kin san gidan yaran namu tsohuwar mangazar gyaɗa ce, wato sito, aka share aka shimfiɗa tabarmi lokacin da yunwa ta watsa mutane. Yanzu yara arba'in da uku ne, marayu da waɗanda iyayensu suka tafi kudu neman abinci ba su dawo ba. Mu mata biyar ne, sai shugabanmu Mushe Illa, wanda malamin lakwal ne, makarantar boko, inda ake ce wa malami mushe da Faransanci, aka ɗauko shi daga aji aka ce ga gida ka riƙe. Ni an ɗauke ni ne don na yi lakwal shekara shida, ina iya karatu da rubutu. Sauran an ɗauke su don suna da ƙarfi kuma suna kusa. Duk horon da aka yi mana sitaj ne na kwana uku. Wata Madam ta zo daga Yamai, mace mai kirki, ta tara mu ƙarƙashin itacen bedi ta koya mana tafasa ruwa, da dama madarar gari, da ɗora yaro a ma'auni. Rana ta uku ta manna takardar dokoki a bango, kamiyo, motar kaya, ya zo ta hau ta wuce Dungas, don can ma ana jiran ta.

Dokar abinci ita ce babba a takardar. Kowane yaro da kwanonsa, ba a haɗa hannu. A zauna a jere. Babba ya tsaya a kansu yana kallo har kowa ya gama, sannan a rubuta a kaye, wato littafi, wanda ya cinye da wanda ya rage. Ba zan zagi dokar nan ba, Yaya, don na ga amfaninta. Kafin ta zo, manyan yara ne ke wawashe akushi, ƙanana su tashi da lasar yatsa. Bayan ta zo ƙananan suka fara cika. Abin da ya ɓata shi ne an ba mu dokar ba a ba mu dalilinta ba, kuma ba wanda ya gaya mana abin da za mu yi ranar da ta ƙi aiki. Ni ce mai kaye, don haka ni ce mai tsayuwa a kansu safe da rana da yamma. Kafin in gama bin kwano arba'in da uku nawa tuwon ya sandare, yunwar ma ta wuce, sai in sha ruwa in koma aiki. Haka na saba, na daina cin abincin rana ban ma lura ba.

Ana saura kamar wata guda ruwa ya sauka aka kawo mana Hinda a amalanke daga wajen Dogo-Dogo. Za ta yi shekara takwas. Mutanensu masu shanu ne masu noma, shanun suka ƙare, uban ya bi sauran garke kudu ba a sake jin labarinsa ba, uwar ta rasu a hanya. Kakarta ce ta raine ta, ita ma ta rasu. Yarinya ce doguwa mai shiru, ba ta kuka, ba ta faɗa da kowa, in an ce ta yi shara ta yi, in an ce ta ɗebo ruwa ta ɗebo. Fulatanci take ji, mu kuma ba mai jin sa a cikinmu lokacin, ban taɓa jin ta haɗa kalma biyu ta Hausa ba. In aka jera don cin abinci sai ta zauna ta sunkuyar da kai, ta ɗora hannuwa a cinya, kwano na gabanta har ya huce. Kullum in rubuta ba ta ci ba. Akwai wasu yaran rugage a gidan, su huɗu, suna ci a jere lafiya lau har da neman ƙari, shi ya sa tunanina bai je ko'ina ba sai ga ciwo.

Abin da ya ɗaure mana kai, mako uku tana haka amma ba ta faɗi ba. Sai wata rana ɗaya daga cikin matan ta kama ta a bayan madafa, ta durƙusa tana kankare ƙanzon tukunyar da aka jiƙa tana turawa a baki da sauri. Aka kawo ta gaban Mushe Illa. Shi kuwa abin da ya sani na aji ne, yaron da ya ƙi abin da aka ba shi ya je ya ɗauki wanda ba a ba shi ba, taurin kai ne da sata. Bai dake ta ba, ba mugu ba ne. Ya ce daga yau a wanke tukwane da zarar an kwashe, ita kuma a matso da ita gaban layi, dab da kujerarsa, ya ga yadda za ta ƙi ci a gabansa. Ni na kama hannunta na kai ta wurin. Ni na ce wa matan su riƙa kife tukwane. Har na ji daɗi a raina cewa mun gano bakin zaren.

Kwana tara ta yi a gaban kujerar nan. Ruwa kawai take sha a randar bayan ƙofa in ta ga ba kowa. Ma'auni ya nuna ta sauka kilo biyu, a jikin da dama ba kome. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka fara kumbura. Muka kai ta gidan likita, anfirmiye ya ba ta maganin tsutsar ciki ya yi mata allura, ya ce bai ga ciwon da zai hana ta ci ba. Wata a cikinmu ta ce iska ce, aka karɓo rubutu. A rana ta bakwai muka yi abin da har yau ban yafe wa kaina ba. Mata biyu suka riƙe ta, ni na matse mata kumatu na ɗura mata kunu da cokali, yara arba'in suna kallo. Ba ta yi ihu ba. Ta rufe ido, hawaye na bin kunnuwanta, muna sakinta ta amayar da shi duka. Da bazarar nan mun riga mun binne yara huɗu, na san yadda idon yaro yake komawa in ya fara sallama. Na ga idon Hinda ya fara komawa haka, na kuma rasa abin yi, don na bi duk abin da ke takardar bango ban tsallake ko ɗaya ba.

Ana cikin haka Inna Ƙande ta dawo. Ita ce tsohuwar da ke mana tuwo, ta tafi Dungas wankan jegon ɗiyarta tun kafin a kawo Hinda, ta yi arba'in da 'yan kwanaki. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, lokacin sitaj ma ba a kira ta ba, aka ce ita ta madafa ce, ta ci gaba da tuƙi. Ta iso da hantsi, ta tarar da mu a jere. Ta tsaya da ƙunshinta a ka tana duban yarinyar, tana duban Mushe Illa a kan kujerarsa, tana dubana da kaye a hannu. Ta tambayi daga ina aka kawo ta, wa ya raine ta. Ta durƙusa ta yi mata magana kaɗan da ɗan Fulatancin da take ji, yarinyar ta amsa da kalma ɗaya ba ta ɗaga kai ba. Sai Inna Ƙande ta ja ni bayan ɗaki, ta tambaye ni ko ni ba jikar Tamu ta Yekuwa ba ce. Na ce ni ce. Ta ce to lakwal ɗin da na yi wanke mini kai ya yi ko me, ta ce in gaya mata ranar da na taɓa ganin loma ta shiga bakin kakata.

Yaya, kin tuna Kaka Tamu? Kin tuna yadda in an kai mata tuwo takan ce a ajiye ba ta jin yunwa, sai mun watse ta ɗauka ta zagaya bayan rumbu? Kin tuna ranar da Baba ya shigo ba sallama ya tarar tana shan fura, ta kife ƙwaryar a ƙasa ta ce kaji take ba wa, ta yini ba ta ci kome ba? Mu muna dariya muna cewa Kaka iska take ci. Shekara goma sha biyu na yi a gida ɗaya da matar nan. Inna Ƙande ta ce yarinyar nan tsohuwa ce ta raine ta irin rainon da, ta kuma kai shekarun da kunya ke shiga, a wurinta cin abinci gaban baƙo babba, balle namiji, daidai yake da a tuɓe ta a kasuwa. Ta ce ba duk yaran ruga ne haka ba, gida gida ne, amma wadda aka yi wa wannan tarbiyya za ta mutu da kwano a gabanta ba ta miƙa hannu ba. Mu kuma muka ɗauke ta muka dasa ta gaban namiji, muka kife tukunyar da ke riƙe da ranta.

Abin da ta yi ba wani abu ba ne mai wuya. Ta dama kunu tsararo, ta samo ɗan nono ta zuba, ta sa a ƙaramar ƙwarya. Ba ta kira Hinda ba, ba ta ko dube ta ba. Ta kai ƙwaryar bayan zanan da ke kare madafa ta ajiye, ta ɗaga murya kamar da iska take magana, ta ce ita za ta rijiya, ga abu nan ta ajiye, kada a bar awaki su sha. Ta faɗa da Hausa ta sake da Fulatanci. Ta kore mu duka zuwa gaban gida, ta ce duk wadda ta waiwaya ita da ita. Na zauna na ba madafa baya, wallahi wuyana har ciwo yake don son in juya. Da muka koma, ƙwaryar ta ragu da rabi, an rufe ta da faifai. Na so in cika mata kwano da tuwo nan take, Inna Ƙande ta hana. Da na je na gaya wa anfirmiye, ya ce tsohuwar ta yi daidai, cikin da ya daɗe a rufe in aka cika shi lokaci guda yana iya kashe mai shi, kaɗan kaɗan ake yi sau da yawa. Shi an koya masa wannan a makarantarsu. Mu ba a kai nan ba a kwana ukunmu.

Hinda ta tashi, Alhamdu lillahi. Kumburin ya saɓe, gashinta ya fara baƙi daga tushe. Amma Mushe Illa tsoron masu zuwa duba gida daga Damagaram yake, ya ce ta ci a bayan zana ya yarda, ni dai in riƙa rubuta cewa a jere ta ci. Wata uku ina rubuta ƙarya sau uku a rana. Da Madam ta sake biyowa kafin azumi, na kasa, na buɗe kaye na gaya mata duka, har da cokalin. Na zaci za ta kore ni, kuma a yadda na gaji da ban yi baƙin ciki ba. Sai ta ce ita ma ba wanda ya taɓa koya mata wannan, kuma gidaje bakwai ta manna wa takardar nan. Ta sa aka kira Inna Ƙande daga madafa, ta zaunar da ita a tabarma tana tambaya tana rubutawa har la'asar. Inna Ƙande ta ce yau ga ta ta zama malama kamar Mushe Illa, saura a ba ta kujera da bulala.

A nan ne Madam ta ce za a buɗe sitaj na wata shida a Damagaram bayan Babbar Salla, don masu aikin gidajen yara, za a koyar da ciwon yara da abincinsu da yadda ake bi da yaron da ya ga mutuwar iyayensa. Gidanmu mutum ɗaya aka ba, kuma sai mai karatu. Na ba da sunana. Ba don ina da ƙarfi ba, Yaya, ba ni da shi. Ina tsoron komawa aji da shekaruna, ina tsoron Faransancina da ya yi tsatsa. Amma takardar nan tana bango har yau, ba a canza ko layi ɗaya ba, Madam ta ce sai an zauna a Yamai. Inna Ƙande ta tsufa, gwiwoyinta sun fara ƙi, kuma duk saninta ba mai barin ta ta buɗe baki gaban masu dubawa. In ta tafi aka kawo wata Hinda, wa zai ja wata Ɗela irina bayan ɗaki? Ina so in dawo da takardar shaidar da za ta sa in na ce a juya wa yaro baya a juya, in kuma san abubuwan da ban ma san ban sani ba, don na tabbata ba cin abinci kaɗai muke yi wa yaran nan ba daidai ba. Akwai wanda ke fitsarin kwance muna kunyata shi, akwai wadda ke ɓoye tuwo a ƙarƙashin tabarma muna ƙwacewa. Yanzu kowanne na duba sai gabana ya faɗi.

Da na so in bar maganar a nan, amma bari in gaya miki abin da ya sa yau na iya gama wasiƙar nan. Tun ranar cokali Hinda ba ta yarda mu haɗa ido, in na shigo ta nan sai ta fita ta can, ban kuma ga laifinta ba. Shekaranjiya da rana na gama bin kwanuka, na rufe kaye, na je randa zan sha ruwa kamar kullum. Sai na gan ta ta fito daga bayan zana ta tsaya a tsakar gida, ba ta dube ni ba. Ta ɗaga murya da wata Hausa a karkace, irin ta mai koyo, ta ce ita za ta rijiya, ga abu nan ta ajiye, kada a bar awaki su ci. Ta ɗauki guga ta fita. Na duba, ba kowa a wurin sai ni. Na zagaya bayan zana na tarar da ƙwaryarta rufe da faifai, ta ci rabi, ta gyara sauran rabin gefe guda da miyarsa. Ashe duk watannin nan da nake tsaye ina rubuta wanda ya ci da wanda bai ci ba, ita ma tana lura da ni. Ta ga ba na ci a gaban mutane, ta ɗauka irin nata ne ke damuna. Maganar Hausa ta farko ke nan da na ji daga bakinta. Na zauna a ƙasa a bayan zanan na cinye, ina ci ina kuka, ita kuma ba ta dawo daga rijiya ba sai da ta tabbata na gama.

Ki yi haƙuri da ni, Yaya, ki ba Malam Tsoho haƙuri, ki gaishe shi da kyau. Ki gaishe mini da Kadi da Hamma, ki ce wa Kadi na ji ta fara tuƙa tuwo, Allah ya sa ta fi uwarta iya gishiri. Baba da Kawu Musa suna gaishe ku, Inna Ƙande ma ta ce a gaishe da jikar Tamu ta Kumasi. Ɗakin da kika gyara ki sa wani a ciki, kada ya zauna yana jira na. In za ki amsa, ki aiko ta hannun Malam Rabe kafin Babbar Salla, bayan nan sai dai Damagaram. Ki sa ni a addu'a, ki sa Hinda, ki kuma yi wa Kaka Tamu, mun yi mata dariya da yawa.

Wassalam. Ni ce ƙanwarki,
Ɗela